Ƙanwar da Abdul-Mumuni Ya Haifa

Duk wanda ya taɓa aika kaya Kano ta siton Alhaji Halliru da ke Al Qusais a Dubai ya san Abdul-Mumuni Sadick, ko da bai riƙe sunansa ba. Shi ne dogon mutumin nan ɗan Gana mai gemu baƙi ƙirin, wanda kullum yake tsaye a bakin ƙofa da alƙalamin maka a bayan kunne. Aikinsa ke nan tun shekarar 2001: 'yan kasuwa su sayo kaya a Deira, a kawo kwalaye, shi ya duba alamar da kowa ya rubuta a jikin nasa, ya ce wannan kwantenar Kano, wannan ta Yamai, wannan a ajiye mai shi bai gama sayayya ba. Alamomi sun fi ɗari a kansa. Kanawa suna tsokanar Hausarsa ta Zango, yadda yake ce wa mace "ya zo", shi kuma ya ce musu su fara koyon rubuta sunansu a kwali yadda mutum zai iya karantawa tukuna. Alhaji Halliru, wanda bai wuce hamsin ba, yana kiransa Mumuni gatsau, ya aike shi sayo shayi, ya daka masa tsawa in mota ta makara. Bai taɓa ganin laifin hakan ba, don a saninsa 'yan shekaru kaɗan ne tsakaninsu.

To, a nan gizo ke saƙar. Fasfon Abdul-Mumuni ya ce an haife shi a 1957. Uwar da ta haife shi a Aboabo ta Kumasi kuwa, Allah ya ji ƙanta, a 1943 ta yi naƙudarsa. Lokacin da zai fito, ejan ɗin da ya yi masa hanya ya dube shi sama da ƙasa ya ce babu kamfanin da zai ɗauki mai shekara hamsin da takwas, sai an rage. A Zango, unguwannin Hausawa a Gana, wannan ba abin kunya ba ne, rabin waɗanda suka tafi ƙasar Larabawa da yankakkun shekaru suka tafi. Wasu biyar suke cirewa, wasu bakwai. Abdul-Mumuni, da yake jikinsa mai kyau ne kuma yana da ɗan taurin kai, sha huɗu ya zabge lokaci guda. Ejan ya ce duk wata tsohuwar takarda mai ɗauke da shekarunsa na gaskiya a ƙone ta. Ya tattara su a leda ya miƙa wa yayarsa Sahada, ya ce ta jefa a murhu. Daga ranar ya shiga shafa yomo, baƙin rinin nan na gashi, duk safiyar Juma'a kafin masallaci, kuma bai taɓa fashi ba.

Ƙarya irin wannan ba ta tsayawa inda aka ajiye ta. A 2009 mijin 'yarsa Fauzia ya rasu ya bar mata yara uku, sai Abdul-Mumuni ya roƙi Alhaji Halliru ya nema mata aiki. Alhaji ya samo mata na kula da yara a motar makaranta a Al Nahda. Ranar da ta iso, suka je ofis yin godiya. Alhaji ya ɗauki kwafin fasfonta ya ajiye gefen na Abdul-Mumuni a kan tebur, ya duba wannan, ya duba wancan.

"Fauzia Sadick, 1968," in ji shi. "Mumuni, mece ce ita a wurinka?"

A take Abdul-Mumuni ya yi lissafin da ya kamata ya yi tun kafin ta hau jirgi. Shekara goma sha ɗaya ce tsakaninsu a takarda. Wane ɗan shekara sha ɗaya ne ya taɓa haihuwa? Zufa ta karyo masa duk da sanyin na'ura.

"Ƙanwata ce, Alhaji," ya ce. "Uba ɗaya."

Fauzia ta ɗago ta dube shi, ta mai da kanta ƙasa. Suka yi godiya suka fito. A bakin titi ya fara yi mata bayani, ta ce, "Yoo, na ji, Yaya." Wallahi da ta zage shi da ya fi masa sauƙi. Tun daga ranar, a gaban mutane Yaya take ce masa. Sai ranar Juma'a in ta zo ɗakinsa a Abu Hail da tuwon zafi a kula, abokan zamansa sun fita, ta rufe ƙofa, sannan ta ce, "Baba, ina kwana." Shekara shida suna haka. Ta yi haƙuri da abin, amma ba ta taɓa yafe shi har zuci ba, kuma ya sani.

Idon hagu ne ya fara tafiya. Wajen 2012 ya fara ganin hazo, ya ce ƙurar sito ce. Ya sayi maganin ɗigawa, ya sa kwalli, ya sha rubutu. Wata rana idon ya yi ja ya kama ciwo kamar ana soka masa ƙusa, ya daure kwana huɗu bai gaya wa kowa ba, da ciwon ya lafa sai gani ya tafi gaba ɗaya. Bai je asibiti ba. Tsoronsa kada likita ya leƙa cikin idon ya gano abin da yomo ke rufewa. Ya ci gaba da aiki da na dama, yana ɗan karkata kai in zai karanta kwali, yaran sito suna ce masa ya fara yanga.

Ba wai ba shi da dabara ba ne. Yana da ita, kuma ya yarda da ita kamar yadda ya yarda gobe rana za ta fito. Duk lokacin da ya je asibitin gwamnati gwajin sabunta biza ko raka wani, yana ganin tsofaffin Larabawa ana tura su a keke, ana kai su gaba, ba wanda ya tambaye su ko sisi. Sai ya ƙulla a ransa cewa a Dubai gwamnati ce ke ɗaukar nauyin tsofaffi. Yana da katin lafiya na gwamnati da yake sabuntawa, yana da shekaru na gaske da ya ɓoye. Ya ɗauki shekarun nan sha huɗu kamar wani ajiya da ya binne: ranar da abu ya ɓaci zai tono su, ya ce ga ni, ni ma tsoho ne, a yi mini magani. Aiki zai tafi, ya sani, amma lafiya za ta samu. Bai taɓa tambayar kowa ko haka abin yake ba. Wa zai tambaya, ya ce masa don me yake tambaya?

Sahada kuwa, duk kiran waya sai ta yi masa gorin nata katin. A Gana, in ji ta, wanda ya kai saba'in ba ya biyan kuɗin shekara na inshorar lafiya ta gwamnati, rajista kawai zai yi. "Ni yanzu gwamnati ce mijina," take cewa tana dariya. "Kai ma ka dawo gida ka huta, tsoho." Sai ya ce mata wane tsoho, shi hamsin da 'yan kai gare shi, ta tambayi fasfo. Dariyar ba ta kai masa ciki, don ya san ko ya koma ba shi da takardar da za ta nuna ya kai saba'in. Shi da bakinsa ya sa aka ƙone.

Da aka fara maganar sabuwar dokar Dubai, wadda ta ce dole kowane kamfani ya yi wa ma'aikatansa inshorar lafiya, ya ji daɗi ƙwarai, ya ce ashe ma ba sai ya tona kansa ba. Ya tambayi Alhaji Halliru yaushe za a ba su kati. Alhaji ya ce manyan kamfanoni aka fara da su, ƙanana irin nasu masu ma'aikata ashirin suna da wa'adi har tsakiyar 2016. "Shwaiya shwaiya, a hankali, Mumuni. Kai da ko ciwon kai ba ka yi, gaggawar me kake?" Wannan a farkon 2015 ne, kuma a lokacin idon dama ya riga ya fara hazo.

Ya yi ta rufa-rufa wata biyar. Ya haddace inda kowane ɗan kasuwa ke son a jibge kayansa, yana gane kwalin atamfa da na takalma da nauyi, yana gane mutane da murya. Fauzia ce ta fara ganewa, ranar da ta tarar ya shafa yomo har kan kunne da wuyan riga, ya bar rabin gemun fari fat. Ta karɓi burushin ta gyara masa.

"Baba, ba ka gani."

"Ina gani. Fitilar ɗakin nan ce ba ta da kirki."

"Yatsu nawa na ɗaga?"

Ya kau da kai, ya ce ba ya son rashin kunya.

Asiri ya tonu a watan Yuni, ana tsakiyar zafin nan da ko numfashi sai mutum ya yi niyya. Kwalaye goma sha biyu na wata Hajiya Wasila, kayan lefen da mutane suka ba ta sautu, ya sa aka loda su a kwantenar Yamai maimakon ta Kano. Allah ya taimaka ba a rufe kwantenar ba, amma sai da aka sauke rabinta a rana, Hajiya Wasila tana tsaye tana zazzaga masifa har maƙwabtan sito suka fito kallo. Alhaji Halliru ya fizgo kwali ɗaya ya dangwara a gabansa.

"Karanta mini wannan!"

Abdul-Mumuni ya sunkuya har hancinsa ya kusa taɓa kwalin. Baƙi-baƙi kawai yake gani yana rawa. Shekara goma sha huɗu bai taɓa kuskuren kwali ɗaya ba, yau ga shi a gaban yaran da ya koya wa aiki, ya kasa karanta harafi uku.

Alhaji ya sassauta murya. "Innalillahi. Mumuni, tun yaushe?"

Washegari da safe Alhaji da kansa ya ɗauke shi a mota, suka biya Al Nahda suka ɗauki Fauzia, don an yi hutun makaranta, suka nufi asibitin gwamnati. Likitan ido, wani Ba'indiye mai ƙaramar murya, ya daɗe yana haska masa fitila. Ya duba takarda, ya sake duba ido, ya sake duba takarda.

"Hamsin da takwas?" ya tambaya.

"Hamsin da takwas," in ji Abdul-Mumuni.

Likita bai ja maganar ba. Ya ce na hagu ya mutu, babu abin da za a yi masa. Na dama yanar ido ce ta rufe shi, ta nuna har ta wuce, ta fara kumbura tana matse idon, kuma abin da ya kashe na hagu ke nan. In aka cire ta da wuri gani zai dawo. In aka bari, wata safiya zai tashi da ciwon nan da ya sani, daga nan shi ke nan. Fauzia ta tambaya ko zai iya jira zuwa baɗi, lokacin da kamfani zai yi musu inshora. Likita ya girgiza kai. Ya ce shi maganar makonni yake yi, ya rubuta magungunan ɗigawa da za su riƙe idon kafin nan, ya tura su wurin masu karɓar kuɗi su ji abin da aikin zai ci.

Alhaji Halliru ya ce su yi gaba, zai je ya ƙara wa mota lokacin fakin. Fauzia ta riƙe hannun uban zuwa layi. A nan ya raɗa mata abin da zai yi.

"Yau zan faɗa musu. Saba'in da biyu. Gwamnati za ta yi mini kyauta."

"Wa ya gaya maka haka?"

"Na gani da idona, shekara da shekaru."

"Baba, don Allah ka bari mu tambaya tukuna. In ka faɗa ba ta komawa ciki."

"Ke yarinya ce," in ji shi, ga mace mai shekara arba'in da bakwai.

Wadda ke bayan gilashi wata Basudaniya ce mai tabarau. Ta karɓi katinsa ta danna na'ura, ta faɗi kuɗin aikin. Abdul-Mumuni bai ma tsaya jin ƙarshen adadin ba, farkonsa kaɗai ya ishe shi sanin cewa ko ya daina ci ya daina aika wa jikoki, ba zai haɗa shi a makonni ba. Ya dafa kanta, ya tattaro Larabcinsa na sito da Turancinsa na Kumasi.

"'Yar'uwa, ni tsoho ne. Shaiba. A sa ni a layin tsofaffi, na gwamnati."

Ta duba katin. "Hamsin da takwas ne a nan, ya Hajj."

Daidai lokacin Alhaji Halliru ya dawo, ya tsaya a bayansu da makullin mota a hannu. Fauzia ta gan shi. Abdul-Mumuni bai gan shi ba, ina idon da zai gan shi? Ta matse masa hannu da ƙarfi, ta ce, "Yaya, mu tafi. Yaya!" Kalmar nan ita ce ƙararrawarsu, in ta faɗe ta ya san akwai baƙon kunne kusa. Amma yau ya ɗauka don matar gilashi take faɗa, sai ma abin ya tunzura shi. Ya fizge hannunsa.

"Katin ƙarya yake! Saba'in da biyu gare ni, wallahi tallahi. An haife ni 1943. Ki dubi wannan," ya kamo gemunsa, "rini ne. Ki dubi wannan matar, shekararta arba'in da bakwai, ni na haife ta. Ba ƙanwata ba ce." Sai ya juye Hausa, da ƙarfi, har mutanen layi suka waiwayo. "'Yata ce! 'Yata ta cikina!"

Mutanen layi suka zuba musu ido. Fauzia ta ƙura wa yatsun matar ido, tana jira ta ga ko za su sauka kan na'ura. Kalma ɗaya in ta shiga can, ba maganar ido ake ba kuma, maganar fasfon ƙarya ake. Matar ta ɗauke hannuwanta daga kan na'urar a hankali ta ɗora a cinya. Ta matso kusa da gilashi, ta yi ƙasa da murya.

"Ya Hajj, ka saurare ni da kyau. Tsofaffin da kake gani ana yi wa magani kyauta, ba don tsufa ake yi musu ba. 'Yan ƙasa ne. Ɗan ƙasa ko jariri ne gwamnatinsa na ɗaukar nauyinsa. Baƙo kuwa, ko shekararsa ɗari, sai inshorar kamfaninsa, ko ta wanda ya kawo shi, ko aljihunsa. Katin nan naka rangwame yake ba ka, kuma na riga na cire rangwamen a abin da na faɗa maka." Ta turo masa katin ta ƙasan gilashi. "Ni abin da ke rubuce nake aiki da shi. Sauran ban ji ba. Khalas, shi ke nan, Allah ya ba ka lafiya."

Ya tsaya riƙe da kati. Shekara goma sha huɗu yana tanadin maganar nan, ya fito da ita a gaban jama'a, ashe ko ƙwayar magani ɗaya ba za ta saya masa ba. Fauzia ta kama hannunsa. A lokacin ne ya ji muryar da ya fi sani a duniya bayan ta 'yarsa, daf da ƙeyarsa.

"Mu je mota," in ji Alhaji Halliru.

Suka fita daga harabar asibiti. Abdul-Mumuni yana gaba, yana jin numfashin Alhaji. Ya san abin da ke tafe: kora, soke biza, wataƙila har da na Fauzia, tunda ta hannun Alhaji ta samu aiki. Wannan ne ya fi tsorata shi. Ya buɗe baki zai roƙa mata, Alhaji ya gangara gefen titi ya taka birki.

"1943 ka ce?"

"Haka ne, Alhaji."

"Mahaifina 1945 aka haife shi." Ya bugi sitiyari da tafin hannu. "Ka girmi ubana! Shekara goma sha huɗu ina aiken ka sayo shayi, ina kiran sunanka gatsau, ina yi maka tsawa a gaban yara. Jiya-jiyan nan na jefa maka kwali. Haba! Wane irin alhaki ka ɗora mini? Kuma ka sa baiwar Allah tana ce wa ubanta Yaya a ofishina, ni ina zaune kamar sakarai!"

"Ka yi haƙuri. Ita ba ruwanta, ni na..."

"Ba wanda zai taɓa aikinta." Alhaji ya furzar da iska. "Amma ni ba zan sake sa hannu a takardar bizarka ba, Baba, tunda na ji da kunnena. Kuma kasuwa ka san yadda take bana, kwantena biyu suna tsare a tashar ruwa. Tikiti zan iya, da haƙƙinka na sallama. Aikin idon nan a nan, ba zan iya ba."

Baba. Kalmar ta fi tsawar yi masa nauyi. Fauzia ta matso daga baya ta ce saura hanya ɗaya, katin tsofaffi na gida. Inna Sahada ta ce da shi aka cire wa maƙwabciyarta yana a Kumasi, kuma ita kanta a satin da ta yi rajista ta fara ganin likita. Amma sai da shaidar shekaru. Da fasfon nan zai je a matsayin mai hamsin da takwas, ya biya, ya zauna jiran kati ya fara aiki, ido kuwa an ce makonni.

"An ƙone," in ji Abdul-Mumuni. "Ni na ce a ƙone."

"Ka ga lokacin da ta ƙone?"

Bai gani ba. Fauzia ta kira lambar a nan cikin mota, ta sa a lasifika. Ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba. Ta sake kira. A karo na uku muryar Sahada ta fito, tana faɗa tun kafin ta ji ko waye, wai tana tsakiyar wanke wake.

"Yaya Sahada," in ji shi, muryarsa ta zama ta ƙaramin ƙane. "Ledar nan da na ba ki lokacin da zan tafi. Kin sa a wuta?"

"Wace leda?"

"Ta takarduna."

"Ei! Yau kuma? Ba kai ka ce a ƙone ba?"

"Ni na ce."

Sai suka ji ta tashi. Suna jin kaza na kuka a can Aboabo, da ƙarar kwanoni ana sauke su ɗaya bayan ɗaya. Alhaji Halliru ya kashe na'urar sanyi don su ji da kyau, zufa ta fara tsattsafo musu. Sahada tana da jeren kwalla na enamel tun na aurenta, guda tara, kowace a cikin 'yar'uwarta, kuma abin da ta fi ji da shi a ta can ƙasa yake zama. Sun ji ta tana nishi, tana tsine wa gwiwoyinta.

"Kai, Mumuni, tun kana yaro ba ka da wayo," in ji ta a ƙarshe. "Wa ke ƙona ranar haihuwarsa? Ga katin zaɓenka na da. Ga na kamfanin sayen 'ya'yan koko da ka yi wa aiki, da hotonka kana da gashi. Ga takardar haihuwar Fauzia, da sunanka a wurin uba. Ko ɓera bai taɓa ba."

Abdul-Mumuni ya kifa kansa a gaban mota ya yi kuka, kuka na sosai, irin wanda bai yi ba ko ranar da idon hagu ya tafi.

Kwana tara aka ɗauka kafin a soke biza a sami jirgi, kuma kwanakin nan tara sun fi masa shekarun sha huɗu tsawo. Kullum da asuba kafin ya buɗe ido sai ya tsaya ya saurari kansa, ko ciwon ƙusar nan ya iso. Fauzia tana ɗiga masa magani a kan lokaci kamar mai tsaron salla. Ranar Juma'a ta ɗauko kwalbar yomo don sabo, ya ce ta zubar. Da ya je sallama a sito, farin gemu ya fara tsirowa a ƙarƙashin baƙin, yaran suka rasa yadda za su gaishe shi. Alhaji Halliru ne ya fara durƙusawa, sauran suka bi. Ya bar musu alƙalamin makarsa a kan tebur, ya ce a riƙa duba kwalin Hajiya Wasila sau biyu.

An yi aikin a Kumasi cikin watan Yuli, da katin tsofaffi mai ɗauke da 1943. Washegari nas ta zo cire bandeji, Fauzia na tsaye a gefen gado, don ta ƙarar da hutunta a kansa. Haske ya fara shigowa da zafi, sannan farin bango, sannan fankar sama. Ya juya a hankali. Rabon da ya ga fuskar 'yarsa sosai ya fi shekara uku. Ɗankwalinta ya ɗan zame baya, sai ya ga gaban kanta fari, ga layuka biyu a gefen bakinta waɗanda bai san da su ba. Ya daɗe yana kallo.

"Fauzia," ya ce, "yaushe kika yi furfura?"

Ta gyara ɗankwalin, ta share ido da bakinsa.

"Tun ina ƙanwarka, Baba."